Tsiren kaza da kindirmo: yadda ake gasa shi a tsakar gida

Ranar da na fara zuba kindirmo a kan ɗanyen naman kaza, Gwaggo tana zaune bisa tabarma tana tsinkar zogale. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi kwanon, ta ce, "Ke ɗiyar ga, wanga wane irin aiki na? Nono da hura aka san shi." Na ce, "Gwaggo, ki dai yi haƙuri zuwa magariba." Da magaribar ta yi, tsinke uku ta ci, ta sa aka ajiye mata biyu na safe.

Dabarar tsohuwa ce a wasu ƙasashe. Mutanen Indiya da Pakistan sun daɗe suna jiƙa kaza a nono da kayan yaji kafin su gasa ta a tanderun ƙasa, su kira ta tikka. Larabawan Labanan da Siriya suna da tasu mai suna shish tawuk, wadda alhazanmu da yawa suka ci a Makka da Madina ba tare da sun san nono ne ya ba ta wannan laushin ba. Mu kuwa a nan Kebbi kayan duk suna ƙofar gida: nono daga ruga, albasa daga Aliero, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a kowace unguwa.

Abin da ya sa tsiren kaza yake ba mutane kunya a gida shi ne ana yi masa irin aikin tsiren shanu. Mai tsire yakan feɗe naman sa siriri, ya shafe shi da ƙuli da mai, ya kafa tsinkayen kewaye da tukuba, wuta ta yi ta lasarsa a hankali. Kaza ba ta jure haka. Tsokarta, musamman ta ƙirji, ba ta da kitse a ciki, kuma minti biyu kacal idan suka wuce kima sai ta koma kamar ana tauna igiya. Nan ne kindirmo yake shigowa. Tsaminsa mai sauƙi ne, yana tausasa naman sannu a hankali, yana riƙe gishiri da yaji a jikinsa, sannan ya zame masa riga tsakaninsa da zafin garwashi. Lemun tsami shi kaɗai yana da kaifi. In kaza ta kwana a cikinsa za ki tarar ta yi fari, bayanta ya yi gari-gari.

Maganar nono

A nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace, don haka bari in ɗan tsaya.

Duk abin da ke cikin ƙwaryar 'yar Fulani nono muke ce masa, amma iri biyu ne. Kindirmo shi ne wanda aka dafa madararsa, aka bar ta ta yi barci da man shanunta a ciki, ya fito da kauri. Tsala kuwa an kaɗa shi an cire man shanu, galibi an ƙara masa ruwa. Na damun fura tsala ya wadatar, amma na wannan aikin kindirmo ake nema. Ki ce wa mai nonon, "Inna, kindirmo nike so, mai kauri, wanda ba a taɓa ba," sannan ki ɗebo da ludayi ki karkata shi. In ya sauko a dunƙule yana jan jiki, shi ne. In ya zubo shar kamar ruwan tulu, a bar shi ga masu fura. Da damina nono yana yawa kuma yana araha. Da rani, lokacin da shanu suka yi nisa neman ciyawa, sai kin sa ido sosai, don a lokacin ne ruwa yake yawa a ƙwarya.

Ko kindirmon mai kyau ne, ki tace shi. Ki shimfiɗa ƙyallen tatar kamu mai tsabta a kan rariya, ki ɗora bisa kwano, ki zuba kofi 2, ki sa a wuri mai sanyi awa 1 zuwa 2. Wani ruwa mai ɗan kore-kore zai tsiyaye, abin da ya rage a ƙyallen ya yi kauri har ya tsaya a cokali. Wannan ɗin kike so, kuma zai ba ki kofi 1 da ɗan ɗoriya. Ruwan da ya tsiyaye kada a zubar, yana kyau a kwaɓin fanke.

Ni da kaina na ga abin da rashin tacewa yake jawowa. Karo na biyu da na yi, ganin na farko ya yi kyau sai na raina aikin, na sayi tsala da yamma na juye kai tsaye. Ina ɗora tsinkayen ruwan ya fara ɗiga a kan garwashi, wutar ta yi ta cuu-cuu tana mutuwa, toka ta tashi ta manne a jikin naman. Muka ƙare da kaza mai ɗanɗanon hayaƙi, ba ta gasu ba, ba ta dahu ba. Sai da na juye ta a tukunya na mayar da ita farfesu.

Wadda ba ta sami na ruga ba tana iya amfani da yogot na kanti, da sharaɗi ɗaya: wanda babu sukari, babu ƙamshin ayaba ko wani abu. Yawancin na roba da ake sayarwa da sanyi a bakin titi zaƙi ne da su, sukari kuwa yana ƙonewa tun naman bai yi rabin gasuwa ba. In ya gagara, ki haɗa naki da madarar gari: ki dama lita 1 da ruwan zafi, ki bari ta huce har yatsa ya iya zama a ciki ba tare da ƙuna ba, ki zuba cokali 2 na tsohon nono, ki rufe ki naɗe da zane awa 6 zuwa 8.

Kazar da yankanta

Buroila ta fi dacewa. Tana da tsoka, kuma da yake 'yar makonni 6 zuwa 8 ce ake yanka ta, namanta bai yi tauri ba. Kazar Hausa ta fi ta ɗanɗano nesa ba kusa ba, wannan babu gardama, sai dai ta sha yawo, jijiyarta ta yi ƙarfi, tsokar kuma kaɗan ce. In ita kike da ita, ki zaɓi budurwar kaza ko ɗan zakaran da bai fara cara ba, ki bar ta ta kwana a nonon, ki goga ɗanyen gwanda cokali 1 ki haɗa. Ɗanyen gwanda yana narkar da nama da gaske, don haka kada a wuce cokalin nan, in ba haka ba naman zai saɓule daga tsinke. Tsofaffin kajin ƙwai da gidajen gona suke sayarwa da araha kuwa, nasu wurin tukunya ne.

A jikin kazar, cinya ta fi ƙirji. Tana da ɗan kitse, ko an ɗan makara a kan wuta tana yafewa. Ki tsaga cinyar ta ciki a bin ƙashi, ki bi gefensa da bakin wuƙa, ki zare shi. Fatar ni cirewa nake yi, don kitsenta yana ɗiga ya tayar da harshen wuta. Ƙashi da wuya da fukafukai a tara su na romo. Kaji 2 matsakaita za su ba ki kilo 1 na tsoka ko fiye, wato tsinke kamar 10, abincin mutum 5 ko 6.

Ki yanka gunduwa-gunduwa kamar girman ƙwallon goro babba, wajen santimita 3, kuma ki yi ƙoƙari su zo kusan ɗaya. In wani ya yi babba wani ƙarami, ƙaramin zai ƙone kafin babban ya nuna. Na cinya gefe guda, na ƙirji gefe guda, don ba tsinke ɗaya za su hau ba. Bayan kin wanke, ki tsane naman sosai a kwando, ki dandanna shi da tsumma mai tsabta. Duk ruwan da ya rage a jikinsa zai tsinka miki nonon da kika sha wahalar tacewa.

Wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyar kaza a wanke su da sabulu nan take, hannu ma haka, kafin a taɓa albasa ko tumatir da za a ci ɗanye. Ciwon cikin da ake ɗora wa "maiƙo" bayan an ci kaza, sau da yawa daga nan yake.

Haɗin

Na kilo 1: tataccen kindirmo kofi 1, tafarnuwa ƙwara 6, ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, attarugu 1 ko 2 gwargwadon bakin mutanen gidan, rabin albasa, man gyaɗa babban cokali 3, ruwan rabin lemun tsami, gishiri ƙaramin cokali 1 da dunƙule 2. In ba kya sa dunƙule, gishirin ya zama cokali 2. Daga busassun kaya kuma: masoro ƙaramin cokali 1, kanumfari ƙwara 4, kimba sili 1, gangamau rabin ƙaramin cokali saboda launi, da garin busasshen tattasai babban cokali 1, shi ne yake ba da jan nan mai jan ido. Mai son kori da tayim ta ƙara, ba sa ɓata komai.

Ki fara daka busassun a turmi su yi laushi, ki tankaɗe. Kimba da kanumfari suna da ƙarfi, in suka yi yawa sai su danne komai, naman ya riƙa ƙamshin kunun mai jego. Sannan ki daka tafarnuwa da citta da attarugu. Albasar ki goga ta, ki matse ruwan ki zubar da rabi. Albasar Aliero ruwa gare ta, musamman sabuwa. Ki juye duka cikin nonon, ki sa mai da lemu da gishiri, ki juya.

Yanzu ki ɗanɗana, tun kazar ba ta shiga ba, don bayan ta shiga an rufe wannan ƙofar. Ya kamata gishirin ya ɗan zarce na miya, saboda nama zai sha rabonsa. Ƙuli-ƙuli bai shiga nan ba, da gangan. Lokacinsa yana gaba.

Ki zuba naman, ki cuɗa da hannu har kowace gunduwa ta sami riga. Kwanon roba mai murfi, ko na tangaran, ko na silba mara tsatsa. Tukunyar dalma ba ta shiri da tsami, tana sauya wa abinci ɗanɗano.

Jira, da maganar sanyi

Mafi ƙaranci awa 3 zuwa 4. Mafi kyau a haɗa da dare a gasa washegari, ko a haɗa da asuba a gasa bayan la'asar, kamar awa 8 zuwa 12. Kada ya wuce awa 24, don daga nan naman yana fara yin laɓo-laɓo. Wannan jiran yana da wani amfani ga mu da muke yanka kaza da kanmu: naman da aka gasa da zafin yanka yana da tauri, sai ya huta wasu awoyi a sanyi yake sakin jiki.

Amma duk wannan jiran a cikin sanyi ne, firji mai aiki, digiri 4 ko ƙasa. Wanda ya san Birnin Kebbi a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ya san ɗanyen nama ba ya kwana a ɗaki. Ƙa'idar ita ce ɗanyar kaza kada ta wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuma awa 1 ne. Tsamin nono ba ya hana ta lalacewa, gindin randa ma bai isa ba. Tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, ni kula nake amfani da ita: in sayi ƙanƙara manya 2, in ɗaure naman a leda mai kauri ko roba mai murfi, in sa shi tsakaninsu in rufe, kada kowa ya buɗe. In babu firji babu ƙanƙara, ki yanka naman ƙanana, ki jiƙa minti 45 kawai ki gasa. Ba zai kai na kwana laushi ba, amma zai yi daɗi, kuma kowa zai kwana lafiya.

Tsinke da wuta

Tsinkayen gora irin na masu tsire ana samunsu a kasuwa. Ki jiƙa su a ruwa minti 30 kafin soka nama don kada su kama da wuta. Na ƙarfe sun fi, musamman masu faɗi, don naman ba ya juyawa a kansu in kin juya tsinken.

Wurin sokawa, ki share nonon da ya yi yawa da yatsu. Rigar ta zama siririya, ana hango naman ta cikinta. Gunduwa 5 a tsinke, suna taɓa juna amma ba a matse ba; in kika danna su suka cure, tsakaninsu ba zai gasu ba. Kina iya raba su da yankan albasa mai kauri ko tattasai ɗanye. Tumatir kada ya hau, narkewa yake yi. Ragowar haɗin da ya rage a kwano ya taɓa ɗanyen nama, don haka a zubar, ko a tafasa shi sosai a tukunya in ana son romo.

Murhun gawayi na gida ya isa, a ɗora masa ragar gashi. In babu, ki jera bulo biyu-biyu a layi, ki zuba gawayi a tsakani, tsinkayen su hau bakin bulon kamar gada. Tsakanin garwashi da nama ya kai kamar faɗin tafin hannu da ɗan ƙari, santimita 10 zuwa 12. Gawayi mai nauyi ake so, irin na ƙirya da maƙera suke so, don yana daɗewa yana ci kuma ba ya tartsatsi. Ki kunna da ƙirare ko takarda. Leda da kananzir da wasu suke kunna gawayi da su, warinsu yana komawa cikin nama. Kuma a tsakar gida ake wannan aiki, inda iska take wucewa. Ko sanyin hunturu ya kai yaya, kada a shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa: yana fitar da wata iska marar wari marar launi da take kashe mutane cikin barci.

Sai haƙuri. Gawayi yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya nuna. Ki yi ta fifita da mafici har harshen wuta ya kwanta, baƙin ya ɓace, farar toka ta lulluɓe garwashin. Yawancin tsiren da ya yi baƙi a waje ya bar jini a ciki, gaggawar ɗorawa ce ta jawo. Ki gwada da hannu: ki riƙe tafinki daidai inda naman zai zauna, ki ƙirga. In kin kai 4 ko 5 kafin ki janye, wutar ta yi. In ba ki kai 3 ba, ta yi yawa, ki baza garwashin ki ɗan jira.

Ki tara garwashin ya fi yawa a gefe ɗaya, ɗaya gefen ki bar shi da kaɗan. Wannan gefen mai sanyi shi ne mafakarki.

Gashin kansa

Ki raba albasa biyu, ki soka rabin a cokali mai yatsu, ki tsoma a man gyaɗa ki goge ragar da ita bayan ta yi zafi. Nama mai nono yana son mannewa, wannan ne maganinsa. Ki jera tsinkayen a gefen mai zafi, da 'yar tazara tsakaninsu.

Daga nan ki cire hannunki minti 3 zuwa 4. Na san hannu yana ƙaiƙayi, amma in kika ɗaga da wuri rigar nonon za ta tsaya a jikin raga, naman ya fito tsirara. Idan gefen ya gasu, da kansa yake sakin ragar. Ki juya, ki ba kowane gefe irin wannan lokacin. Duka-duka minti 12 zuwa 15 ne, na ƙirji ya riga na cinya sauka da minti 2 ko 3. In mai ya ɗiga wuta ta tashi, ki janye tsinken zuwa gefen mai sanyi har ta kwanta. Kada ki yayyafa ruwa, toka zai tayar. Ɗan baƙi-baƙi a gefe-gefe ba laifi ba ne, shi ne ma daɗin. Wanda ya ƙone ƙurmus ne ake kankarewa.

Saura minti 3 a sauke, ki shafa mai. Man gyaɗa ya yi, amma in kina da soyayyen man shanu, wanda aka soya da albasa, ki gwada shi sau ɗaya ki ji. Sai ki barbaɗa yajin ƙuli, wato garin ƙuli-ƙuli da aka daka da barkono da citta da ɗan gishiri, ki juya sau ɗaya ko biyu a gefen mai sanyi har ya kama jiki ya yi ƙamshi. Da kin sa shi tun farko, da ya jiƙe a nono ya zama taɓo, sannan ya ƙone ya yi ɗaci, don gyaɗa ba ta jure wuta mai tsawo.

Launin waje ba ya nuna cewa naman ya gasu, balle an sa gangamau da tattasai. Ki zare gunduwa mafi girma daga tsakiyar tsinke, ki tsaga ta. Cikin ya zama fari ko ruwan ƙasa-ƙasa in cinya ce, babu wani wuri mai sheƙi kamar ɗanye, ruwan da ya fito kuma garau, ba ja-ja ba. Mai na'urar auna zafin nama ta soka a tsakiya, digiri 74 ake nema. Cinya ko ta kai 80 ba ta damu ba, ƙirji ne ba ya son ƙari. In waje ya yi amma ciki da saura, ki mayar gefen mai sanyi ki kifa faranti ko murfin tukunya a kai minti 3.

Ki sauke a faranti mai tsabta, ba wanda ɗanyen ya zauna a kai ba, ki rufe minti 5. Yara za su yi ta zagaye, a kore su. Ruwan naman yana bukatar ya koma ya zauna, in aka ciza da zafin wuta a faranti zai ƙare. Kada a naɗe a jarida ko takardar siminti.

Ranar da hadari ya hana hura wuta, tanderun gas ko na lantarki, wato oven, yana yi a digiri 220, minti 15 zuwa 20, a juya sau ɗaya. Kasko mai kauri da ɗan mai shi ma yana fitar da mutum kunya, ƙamshin garwashin ne dai ba za a samu ba.

A ci da yankakkiyar albasa da tumatir da kabeji da yaji a gefe, kamar na bakin titi. Yana tafiya da dafa-dukan shinkafa 'yar gida, da masa, da gurasa, har da burodi da shayi. Ni nakan ware ɗan tataccen kindirmo tun farko, wanda bai ga nama ba, in goga masa kokwamba, in sa tafarnuwa ƙwara 1 da gishiri da ganyen na'a-na'a, a riƙa dangwalawa. Yana kashe zafin attarugu, yara ma sai su iya ci. Abin da ya rage, in ya rage, a zare daga tsinke a sa a sanyi kafin awa 2, washegari a ɗumama a kasko da cokali 2 na ruwa a rufe, har ya yi zafi can ciki. Haka na yi wa Gwaggo da nata biyun, ta ci da kunun tsamiya.